Cututtukan Baki da Maƙogwaro da Musabbabansu: Nasiha ga Matasan Potiskum

Baki da maƙogwaro su ne mashigar abinci da ruwa da iska, don haka babu sashen jiki da ya kai su cuɗanya da abin da ke waje. A cikin baki akwai haƙora, 20 a bakin yaro kafin famfara, 32 a bakin babba idan sun cika. Akwai dasashi da ke riƙe da su, da harshe, da ganɗa, da beli mai reto a can ƙurya, da wasu 'yan tsoka biyu a gefe da gefen maƙoshi masu aikin tare ƙwayoyin cuta. Daga nan hanya ta rabu biyu, ɗaya ta nufi ciki, ɗaya ta bi ta mafitar murya ta sauka huhu. Wannan ta biyun ƙunci gare ta, kuma a wuyan ƙaramin yaro faɗinta bai wuce ɗan yatsansa ba. Shi ya sa kumburin da babba zai kwana da shi yana tsaki kawai yake iya raba yaro ɗan shekara uku da ransa kafin gari ya waye.

A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da wata cuta ta baki. Duk da wannan yawa, ciwon baki na cikin cututtukan da aka fi rainawa. Ba a zuwa dubiyar mai ciwon haƙori, kuma yaron da ya ce wuyansa na ciwo sau da yawa ruwan ɗumi ake ba shi a ce ya kwanta. Mafi yawan lokuta hakan ya wadatar. Amma a cikin waɗannan ƙananan ciwuka akwai 'yan kaɗan masu kisa, farkonsu iri ɗaya ne da na sauran, kuma tsakanin samun sauƙi da makara kwanaki ne da ba su da yawa. Matasa ne suka fi kusa da wannan ƙurarren lokaci: su ake aika kemis, su ke goyon ƙanne, su ke tuƙa mashin ko keke zuwa asibiti, kuma nan da ɗan lokaci su ne iyayen da za su yanke hukunci a kan jariri.

Bakin mai lafiya ma cike yake da ɗaruruwan nau'o'in ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Yawu ne ke wanke su yana kashe kaifin tsamin da suke fitarwa, garkuwar jiki kuma tana hana su ƙetare iyaka. Ciwo yana tasowa idan wannan daidaito ya ɓaci: ko sukari ya yi yawa, ko abinci mai gina jiki ya yi ƙaranci, ko baki ya bushe, ko taba ta ƙona fatarsa, ko baƙuwar ƙwayar cuta ta shigo daga numfashin wani, ko kuwa an sa aska an yanki wurin da bai kamata a taɓa ba.

Wanda ya fi kowanne yawa shi ne ruɓewar haƙori, wato kogon da ake cewa tsutsa ce ta ci. Babu tsutsa a ciki. Ƙwayoyin bakteriya ne ke taruwa cikin wata farar dauɗa mai yauƙi da ke manne wa haƙori. Idan sukari ya iso gare su sai su mayar da shi tsami, tsamin kuma ya riƙa narkar da ƙaƙƙarfan ɓawon haƙori kaɗan-kaɗan. Bayan kowace kurɓa ta abin zaƙi haƙori yakan ɗauki kusan rabin awa a cikin wannan tsami kafin yawu ya kwantar da shi. Saboda haka yawan maimaitawa ya fi yawan sukarin illa. Wanda ya sha shayinsa sau ɗaya da safe ya fi tsira a kan wanda ya wuni yana tsotsar alawa da minti, ko yana kurɓar lemon kwalba kaɗan-kaɗan. Potiskum gari ne na manyan motoci da doguwar tafiya, kuma direbobi da yaran mota sun san yadda ake raba dare da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari don kore barci. Robar lemo mai rabin lita tana ɗauke da kusan giram 50 na sukari, wanda shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya sha a wuni guda. Masu shan maganin tari na kodin don maye, wanda gwamnatin Najeriya ta haramta a 2018, da masu haɗiyar tiramol, nasu ya fi muni, domin waɗannan ƙwayoyi suna busar da yawun da ke kare haƙori.

Kogo yana farawa ba tare da zafi ba. Daga baya haƙori ya fara tsami idan ruwan sanyi ya taɓa shi. A wannan mataki likitan haƙori zai iya share wurin ya cike shi, haƙori ya ci gaba da aiki shekaru. Idan aka bari ruɓa ta kai jijiyar ciki, sai zogin da ke hana barci ya zo. Sannan wata rana zogin ya ɗauke, mai shi ya ɗauka ya warke, alhali jijiyar ce ta mutu, mugunya kuma ta fara taruwa a saiwa. Daga nan kumatu ke kumbura. Idan haƙorin na ƙasa ne, mugunyar tana iya gangarawa ƙarƙashin harshe da haɓa, ta tura harshe sama ta toshe numfashi. Kumburin da ya hana buɗe baki ko haɗiyar yawu, ko ya taho da zazzaɓi, ba ya jiran safiya. Abin takaici ne a ga saurayi majiyi ƙarfi ya rasu a kan haƙori ɗaya, amma yana faruwa.

Abubuwan da ake cusawa a kogon haƙori suna da yawa, kuma wasunsu sun fi ciwon ɓarna. Ruwan batir da fetur suna ƙona dasashi da harshe. Ƙwayar asfirin da ake dannawa a jikin haƙori ba ta kai ga jijiya, sai dai ta bar farin gyambo a kumatu. Kanumfari yana rage zogi na ɗan lokaci, wannan gaskiya ne, amma ba ya cike kogo. Kafso mai ja da rawaya da ake fasawa a ba yara yana rina haƙoran da ba su riga sun fito ba idan yaron bai kai shekara 8 ba, kuma rinin ba ya fita. Akwai kuma kuskuren da iyaye da yawa ke yi: turmin farko na dindindin yana fitowa ne a can baya wajen shekara 6, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba, sai a ɗauka na yarinta ne a bar shi ya ruɓe da zaton wani zai maye gurbinsa.

Aswaki sunna ce kuma tsafta ce ta gaske, ko na darbejiya ne ko na marke ko wanda ake kawowa daga Makka, muddin an tauna bakinsa ya yi laushi, an bi kowane haƙori ciki da waje har turamen baya, ba a tsaya a na gaba da mutane ke gani ba. Abin da man goge baki ya fi shi da shi sinadarin fuloraid ne, mai ƙarfafa ɓawon haƙori. Haɗa su biyun shi ne mafi kyau, kuma gogewar dare kafin barci ta fi ta safe muhimmanci, domin yawu yana raguwa idan an yi barci. Gawayi da toka suna haskaka haƙori na 'yan kwanaki, amma kankare ɓawonsa suke yi. Shi ma fuloraid idan ya yi yawa a ruwan sha yana sa haƙoran yara su fito da tabo fari ko ruwan ƙasa, kamar yadda aka sani a yankin Langtang na Filato da Kaltungo na Gombe. Wannan tabon ba ƙazanta ba ne, bai kamata a yi wa mai shi gori ba.

Ciwon dasashi daga farar dauɗar nan ta jikin haƙori yake fitowa shi ma. Idan ta daɗe a gindin haƙori sai ta daskare ta zama tsatsar da buroshi ba ya iya cirewa, dasashi ya yi ja ya riƙa zubar da jini. Mutane da yawa idan suka ga jini sai su daina goge wurin, alhali rashin gogewar ne ya jawo jinin. In an bari, ƙashin da ke riƙe da haƙori yana zaizayewa, haƙori ya fara girgiɗi ya faɗi ba tare da ya taɓa yin kogo ba. Taba da ciwon suga suna hanzarta shi, juna biyu ma yana sa dasashi saurin kumbura. Warin baki kuwa, wanda ake yawan ɗora wa ciki, galibi daga bayan harshe da gindin haƙora yake tasowa.

Ƙananan gyambunan baki masu farin tsakiya da jan gefe suna warkewa da kansu cikin mako ɗaya ko biyu. Ƙurajen da ke fesowa a leɓe bayan zazzaɓi na bairos ne, suna yaɗuwa ta sumba da kofi, kuma haɗari ne ga sabon jariri. Tsagewar gefen baki sau da yawa alama ce ta ƙarancin jini ko ƙarancin wasu bitamin. Farin abu mai kama da guntun kindirmo da ke manne wa harshe da kumatu yakan kama jarirai, maganinsa kuma mai sauƙi ne. Amma idan ya bayyana a bakin babba yana ta dawowa, ya kamata a gwada suga da ƙanjamau, domin yana nuna garkuwar jiki ta yi rauni. Game da jarirai akwai wani zancen da ya daɗe yana cin rayuka, wato «haƙori ne». Fitar haƙori tana sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da rigima. Ba ta sa zazzaɓi mai zafi, ba ta sa gudawa da amai. Watanni shidan da haƙori ke fara fitowa su ne lokacin da yaro ke fara rarrafe yana kai komai baki, kariyar da ya gada daga uwa kuma tana raguwa, shi ya sa abubuwan ke haɗuwa. Yaron da aka bari da maleriya ko gudawa ana jiran haƙori ya fito yana iya ƙarasawa kafin haƙorin. A 2008 kuma wani maganin ruwa na fitar haƙori da ya gurɓata da guba ya lalata ƙodar yara a Najeriya, hukumomi suka ce sama da 80 sun rasu.

Mafi ban tausayi a cututtukan baki ita ce noma, wadda a wasu ƙauyuka ake ɗauka ciwon iska ne ko ciwon daji. Tana kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, kuma kusan kullum yaran da tamowa ta riga ta raunana, musamman bayan ƙyanda ko maleriya mai tsanani, ko bayan yayen da aka yi farat ɗaya aka bar yaro da koko tsura. Tana farawa da dasashi mai jini da gyambo, da wani irin wari mai ƙarfi, da dalala, yaro ya ƙi abinci. Cikin 'yan kwanaki kumatu ya kumbura, sai baƙin tabo ya bayyana a fata, naman wurin ya mutu ya zube, har ƙashi ya fito. Duk wannan yana iya kammaluwa cikin mako biyu. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kusan 9 cikin 10 na yaran da ba a yi wa magani ba suna mutuwa, waɗanda suka rayu kuma suna tashi da ramin fuska ko muƙamuƙin da ya ƙage, ana ɓoye su a ɗaki, ba makaranta ba wasa. Noma ba ta yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, kuma ba aikin aljanu ba ne. A Sakkwato akwai asibitin yara masu noma da aka kafa a 1999, inda ƙungiyar likitocin MSF ke taimakawa tun 2014 ana gyaran fuska kyauta, kuma Najeriya ce ta jagoranci kiran da ya sa a watan Disamba na 2023 aka shigar da cutar cikin jerin cututtukan da duniya ta yi sakaci da su. Sakkwato tana da nisa daga Potiskum da Nangere da Fika da Fune, amma matakin farko na cutar ba ya bukatar Sakkwato. Maganin kashe bakteriya, wanke baki da ruwan gishiri da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita a ƙaramin asibitin unguwa, idan an kai yaron tun ciwon yana dasashi.

Ciwon maƙogwaro na yau da kullum, wanda ke zuwa da mura da tari da majina, bairos ne ke kawo shi, kuma yana wucewa cikin mako guda. Ba ya bukatar kafso. Ruwan ɗumi, kurkure da ruwan gishiri, zuma ga wanda ya haura shekara 1, da farasitamol sun isa. Akwai wani kuma da bakteriya ke kawowa, wanda ya fi kama 'yan shekara 5 zuwa 15: zazzaɓi farat ɗaya, zafin haɗiya, ɗigon mugunya a kan tsokokin gefen maƙoshi, kaluluwa a wuya, amma babu tari babu majina. Shi ma yakan lafa da kansa, sai dai a jikin wasu yara, bayan mako biyu ko uku, garkuwar jiki tana rikicewa ta afka wa gaɓoɓi da ƙofofin zuciya. Gwiwa ta kumbura yau, jibi ciwon ya koma idon sawu. Idan abin ya yi ta maimaituwa, ƙofofin zuciya suna lalacewa, sai a ga budurwa ko saurayi ɗan shekara 20 yana haki da kumburin ƙafa, ko amarya ta kasa ɗaukar nauyin cikin fari. Fenisilin na kwana 10 cif, ko allura ɗaya mai daɗewa a jiki, yana hana wannan. Shan kafso biyu a daina da zarar an ji sauƙi ba ya hanawa. Cunkoso ne ke yaɗa wannan ƙwayar, shi ya sa ɗaliban makarantun kwana da almajiran tsangaya suka fi shiga haɗarinta. Zafin maƙogwaro da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya a lokacin rani kuma yana iya zama zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke yaɗawa.

Sai mashaƙo, wanda mutanen Potiskum ba sa bukatar a ba su labarinsa. Annobar da ta bayyana a Najeriya a ƙarshen 2022 ta fi tsanani a Kano, Yobe na cikin jihohin da ke biye, kuma a Yobe Potiskum ce cibiyarta. A watan Oktoba na 2023 shugaban hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa na lokacin, Dakta Faisal Shu'aib, ya ziyarci wurin keɓe masu cutar a garin, ya kuma bayyana cewa sama da yara 100 ne suka rasu a jihar. Ba wannan ne karon farko a yankin ba: a 2011 cutar ta kama mutum 98 a ƙauyen Kimba na ƙasar Biu da kewayensa, 21 suka rasu, kuma kusan dukkansu ba a taɓa yi musu rigakafi ba.

Bakteriya ce ke kawo mashaƙo, tana bin tari da atishawa da kofi da cokali. Bayan kwana 2 zuwa 5 da kamuwa sai maƙogwaro ya fara ciwo, da ɗan zazzaɓin da bai kai na maleriya zafi ba, wanda shi ne ke yaudarar iyaye. Ƙwayar tana fitar da guba mai kashe fatar maƙoshi, mataccen naman ya haɗu ya zama wata fata mai kauri ruwan toka da ke manne wa wurin. Wuya ya kumbura sosai, murya ta dushe, numfashi ya fara ƙara. Wannan fatar tana iya rufe hanyar iska gaba ɗaya, kuma idan aka yi ƙoƙarin kankare ta da yatsa ko cokali jini take yi, wani ɓangarenta kuma yana iya faɗawa ciki. Gubar ba ta tsayawa a wuya. Tana bin jini ta kai zuciya bayan mako ɗaya ko biyu, shi ya sa ake samun yaron da aka ga ya fara murmurewa ya yanke jiki ya faɗi. Tana kuma taɓa jijiyoyi, har ruwa ya riƙa dawowa ta hanci idan an sha, ko ƙafafu su saki bayan makonni.

Maganinsa biyu ne a haɗe: allurar da ke karya gubar, da maganin da ke kashe ƙwayar. Allurar tana kama gubar da ke yawo a jini ne kawai. Wadda ta riga ta shige naman zuciya ta fi ƙarfinta. Saboda haka kowace kwana da aka ƙara a gida ana gwada jiƙo da turare tana rage amfanin maganin. Babu kemis da ke da wannan allura, sai asibiti. Mutanen gidan da suka yi cuɗanya da marar lafiya su ma ana ba su magani da rigakafi, kuma ɓoye mai cutar don tsoron a keɓe shi yana nufin ba da ƙannensa ga cutar.

Tun shekarun 1890 aka samo allurar karya gubar, Emil von Behring na Jamus ya karɓi kyautar Nobel a kanta a 1901, rigakafin kuma ya samu a shekarun 1920. Cutar da aka san makarinta sama da shekara 100 ba ta da hujjar kashe yara a Potiskum a 2023. Rigakafin yana cikin allurar nan mai kare cututtuka biyar da ake yi wa jariri a cinya yana da mako 6, da 10, da 14, kyauta a asibitocin gwamnati. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna rabin yaran Najeriya ne kawai suka karɓi ukun duka, a arewa kuma abin bai kai haka ba. Dalilan sanannu ne: shekarun rikicin da suka rufe asibitoci suka tarwatsa ƙauyuka, tsaikon da korona ta kawo daga baya, nisa, da jita-jita, da uban da ya ce allura tana sa wa yaro zazzaɓi. Tana sawa, na kwana ɗaya. Gari irin Potiskum, da ke kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, wanda kararsa ke tara fatake da dillalan shanu daga ƙasashe maƙwabta duk mako, ba zai iya rufe ƙofa ga ƙwayar cuta ba. Abin da zai iya shi ne ta iso ta tarar da yara a kare. Matashin da bai san ko an yi masa ba yana iya zuwa a yi masa ta manya, wadda ke haɗe da rigakafin tetanus, kuma duba katin rigakafin ƙanne aiki ne da ɗan sakandare zai iya yi a gidan da iyaye ba su yi boko ba.

Cire beli al'ada ce tsohuwa a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Wanzami yakan yanke shi a kwanakin farko na haihuwa ko ranar suna, ko daga baya idan yaro yana amai, ko ya ƙi nono, ko tari ya dame shi, bisa imanin cewa belin zai kumbura ya toshe wuya. Beli halitta ce mai aiki: yana taimakawa wajen rufe hanyar hanci lokacin haɗiya, yana kuma jiƙa maƙoshi. Idan ya yi ja ya kumbura, ciwon da ke kewaye da shi ne ya shafe shi, ba shi ya kawo ciwon ba. Yanke shi yana jawo zubar jinin da jariri ba shi da ƙarfin jurewa, jinin yana iya sauka huhu, aska kuma tana iya ɗauko tetanus ko ciwon hanta ko ƙanjamau daga wani. Mafi haɗari shi ne a kai yaro mai mashaƙo wurin wanzami da sunan beli ne ya sauko: an yi yanka a cikin wuyan da ya riga ya ƙuntata, an ɓata kwanakin da allura za ta yi aiki, askar kuma ta wuce bakin yaro na gaba. Wanzamai mutane ne masu daraja a gari, sana'arsu ta gado ce, kuma sau da yawa su ake fara kira kafin kowa. Wanzamin da ya leƙa ya ga fata ruwan toka ya ce a tafi asibiti ya ceci rai. Sabon uba kuwa zai sha matsi daga kakanni. Ba a cin nasarar wannan da gardama ko ɗaga murya. An fi samunta idan an fara zancen tun kafin haihuwa, cikin ladabi, aka kuma nemi wani babba da ake jin maganarsa, malami ko ma'aikaciyar asibiti, ya sa baki.

Dushewar murya abu ne da aka saba da shi a hunturu, lokacin da ƙura da bushewar iska ke kankare maƙoshi. Hayaƙin itace a rufaffen madafa yana yin haka ga mata, ihu kuma yana yi wa 'yan kamasho da masu talla da malaman aji. Ƙwannafi ma yana ƙona maƙogwaro da dare ga mai cin tuwo da yaji ya kwanta nan take. Hutun murya da yawan shan ruwa suna gyara mafi yawansu. Wadda ta wuce mako uku ba ta dawo ba tana bukatar a leƙa, domin tarin fuka da sankara duka suna iya farawa da haka.

Sankarar baki da maƙogwaro ta fi bayyana bayan shekara 40, amma a ƙuruciya ake shuka ta. Babban musabbabinta taba ce ta kowace siffa: sigari, garin taba da ake cusawa a leɓe, da shisha, wadda ruwan da hayaƙinta ke ratsawa sanyaya shi kawai yake yi, ba ya tace gubar. Giya tana ninka haɗarin idan ta haɗu da taba. Akwai kuma ƙwayar HPV da ake ɗauka ta saduwa, wadda Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta a watan Oktoba na 2023 saboda sankarar bakin mahaifa. Goro yana rina baki har ya ɓoye tabon da ya kamata a gani da wuri. Alamomin su ne gyambon da ya wuce mako uku bai warke ba, fari ko jan tabon da ba ya gogewa, ƙullutu mai tauri a wuya wanda ba ya ciwo, wahalar haɗiya, ko ciwon kunne ɗaya da ba a ga dalilinsa ba. A yara kuma akwai sankarar muƙamuƙi mai saurin girma da Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, wadda ke da alaƙa da yawan maleriya, kuma tana jin magani sosai idan an fara da wuri. Zancen da ake yi cewa ciwon daji ba ya son allura ko ƙarfe shi ne ke tsare mutane a gida har ciwon ya fi ƙarfin likita; ɗan naman da ake tsinka a auna ba ya yaɗa cutar, shi ne kaɗai hanyar sanin ko mece ce. Daga Asibitin Ƙwararru na Potiskum akan tura irin waɗannan zuwa manyan asibitocin Damaturu, Azare, Gombe, Maiduguri ko Kano, gashin sankara da na'ura kuma akan yi shi a wurare irin su Zariya da Abuja.

Duba bakin yaro ba ya bukatar kayan aiki. A wanke hannu, a zaunar da shi a cinyar wani, a haska fitilar waya, a ɗaga leɓe na sama da na ƙasa a dubi dasashi, sannan ya buɗe baki ya ce «aa». Ana neman jini ko gyambo a dasashi, wari mai ƙarfi, mugunya, ko fata ruwan toka a maƙoshi, sannan a shafa wuya a ji ko ya kumbura. Idan ana zargin mashaƙo, mai dubawa ya rufe hancinsa da bakinsa, kada ya tura komai ciki, a ware wa yaron kofinsa da cokalinsa, a kuma tafi da shi a zaune, ba a kwance ba, musamman idan numfashinsa ya fara ƙara ko yawu yana zuba ya kasa haɗiyewa.